Wabin Dada ba Daga Nono Yake ba

Da damunar bana aka cika shekara talatin da takwas da kai kakata makwancinta a bayan garin Gumel. Sunanta Zainabu, amma mu jikoki Dada muke ce mata. Ni kuwa Angona take kirana, har na yi gemu na tara iyali ba ta daina ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina. Bana na ga ya kamata in yi magana, domin yanzu na san abin da ta rayu tana neman sani har ta koma ga Allah, kuma akwai mata da yawa a ƙasar nan da har yau ba wanda ya gaya musu.

A Ɗanzomo aka haife ta, shekaru kaɗan bayan zuwan Turawa. Kakana Mati mahaƙin rijiya ne, mutumin Sule Tankarkar. Ya zo haƙa a unguwarsu, aka riƙa aikenta da furar ma'aikata, a nan suka ga juna. Takan ce mutum ne mai ƙarancin magana, wai zaman cikin rami ne ya koya masa shiru. Da aka tambaye ta ko tana sonsa, ba ta rufe fuska ta gudu yadda 'yan mata ke yi ba, ta ce tana so. Ta daɗe ana yi mata tsiya a kan wannan amsa.

Sana'ar Mati ba ta barin mutum wuri ɗaya. Ƙasarmu ruwanta na da nisa, duk garin da rijiyarsa ta rufta ko ta ƙafe sai a aiko masa, su ɗora kaya a jaki su tafi su yi wata da watanni. Cikin wannan yawo ta haifi ɗanta na fari, Habu, wanda shi ne mahaifina. Ya zo lafiya lau, ƙato, mai ƙarfin kuka. Da yake ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" kawai take cewa. Ana yaye shi uwar Mati, Inna Yalwa, ta ɗauke shi ta tafi da shi Sule Tankarkar, yadda aka saba.

Haihuwa ta biyu mace ce. Ita ma ta faɗo da kuka, ta kama nono, aka yi barka. Kashegari da Dada ta fito da ita haske sai ta ga farin idonta ya koma rawaya. Kafin yamma fatar jikin duka ta bi, kamar an shafa mata gangamau. Tsofaffi suka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi aka ɗura mata. Jaririyar ta saki nono, ta riƙa banƙarewa tana wani siririn kuka, ta rasu ba a kai ga suna ba. Aka yi wa Dada ta'aziyya, aka ce ta yi haƙuri, yarinya ce, wasu na tafe. Na uku ya zo, namiji, ya bi hanyar 'yar'uwarsa, har ya fi ta saurin tafiya. Daga nan kalmar ta fara fitowa daga bakin mata: Zainabu wabi take yi.

Wanda bai tashi a karkara ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan kalma a wancan zamani. Mai wabi ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai zage ta, amma idan ta shiga gidan suna sai mai jego ta gyara zane ta rufe jaririnta. Kuma kowa yana da bayaninsa. Wasu su ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, wasu su ce iska ce ta aure ta, mafi yawa kuwa su ce nononta ne ba shi da kyau.

Wata tsohuwar ungozoma a Maigatari, inda Mati yake aiki a lokacin, ita ta yi gwajin da aka yarda da shi. Ta tatsi nonon Dada a ɗan ƙoƙo, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, mata suka kewaye suna kallo. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu har ta daina motsi. Ungozomar ta ce magana ta ƙare, nonon da dafi. Dada ta ce mini ranar ta koma ɗaki ta zauna tana duban ƙirjinta kamar na wata, tana tunanin da hannunta ta ɗauki 'ya'yanta biyu ta ba su abin da ya kashe su. Ta sha duk wani ɗaci da aka dafa mata, ta yi turare, ta yi wanki da toka. Da ciki na gaba ya tsufa, aka shirya da wata maƙwabciya mai goyo, cewa ana yanke cibiya za a miƙa mata jaririn.

Haka aka yi. Yaron bai ɗanɗani nonon uwarsa ko sau ɗaya ba. Dada tana kwance nono ya cika yana yi mata zogi, tana jin kukansa ta bayan danga. Kashegari aka kawo mata shi ta gani, ta buɗe idonsa da ɗan yatsa, ta ga rawayar nan. Bai kai suna ba shi ma.

Da ungozomar ta zo gaisuwa, Dada ta bari mutane suka ragu, sannan ta ce mata, "Iya, wannan bai sha nawa ba. To, shi me ya kashe shi?"

Tsohuwar ta ce Allah ne masani. Dada ta ce ita ma abin da ta gani ke nan, saboda haka daga ranar kada a ƙara ce mata nononta ne. Ba ta kai shekara ashirin da biyar ba a lokacin, kuma ba a saba jin yarinya ta mayar wa ungozoma magana ba. Amma ta ce ranar ce ta fara cin abinci ya zauna mata.

Bayan wannan mutuwa Inna Yalwa ta yi abin da Dada ba ta taɓa mantawa ba. Ta taso tun daga Sule Tankarkar da Habu a gaban jaki, ta shigo gida, ta kama hannun yaron ta zaunar da shi a cinyar uwarsa a gaban kowa. Dada ta sunkuyar da kai za ta ture shi, tsohuwar ta ce ta riƙe ɗanta, ta kira shi da sunansa, duk wanda ya ga rashin kunya ya zo ya same ta. Mahaifina yakan ce ya tuna ranar, don ita ce ranar da ya fara sanin cewa matar nan mai yawan kallonsa ita ta haife shi.

Ba a daɗe ba yayan Dada, Garba, ya zo daga Ɗanzomo da saƙon mahaifinsu. Ba da faɗa ya zo ba. Ya zauna da Mati a gindin bishiya ya ce an sha ganin mai wabi ta sake gida ta haifi 'ya'ya sun rayu, shi ma mijin ya sake mata ya samu nasa. Tunda an gwada magani an gwada rubutu, me zai hana a rabu cikin mutunci kowa ya gwada rabonsa? Mati ya saurare shi har ya gama. Ya ce shi bai gaji ba, kuma ba zai furta saki da bakinsa ba, amma ba shi ke ɗaukar ciki wata tara ya binne ba. Idan Zainabu ta ce tana son tafiya, zai raka ta da kansa har ƙofar gidansu.

Aka kira ta aka gaya mata. Ta ce mini ta so ta tafi, ba don ta daina son Mati ba, sai don ta gaji da jin motsin yaro a cikinta tana lissafin yadda zai ƙare. Ta nemi a bar ta ta yi tunani. Da Garba ya tashi komawa ta raka shi bakin gari, ta ce ya gaida Baba, ya ce masa ta gode, amma ba wanda ya nuna mata cewa laifin gidan Mati ne, kamar yadda ba wanda ya iya nuna mata cewa laifin nononta ne. Ba za ta bar mutumin da ta sani ta tafi wurin wanda ba ta sani ba a kan wataƙila.

Suna Gagarawa, lokacin da ake share hanyar jirgin ƙasa ana neman rijiyoyi saboda leburori, ta haifi mace. Matan gidan da suka sauka suka ce a yi abin da ake yi wa 'yar wabi: a kai ta kan juji a ajiye kamar ba a so, wata ta tsinto ta, a sa mata Ajuji, don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba. Dada ta ƙi. Ta ce tana son 'yarta, kuma ba za ta yi ƙaryar ba ta so ba, ko ga mutuwa. Kashegari ta fito da ita rana ta duba ido, fari tas. Ta sake dubawa da hantsi, ta sake da la'asar. Aka kwana bakwai aka yanka rago, aka sa mata Hauwa'u. Ita ce Gwaggo Hauwa, ƙanwar mahaifina.

Mutane suka ce ruwan Gagarawa ne ya karɓe ta, wasu suka ce layar da wani malami ya ba Mati ce. Dada ba ta musa wa kowa ba. Amma a garin dai, da layar dai a ɗaure, ta sake haihuwa bayan Hauwa, yaron ya zo a kumbure, babu rai. Daga shi haihuwa ta tsaya mata. Ta tashi da 'ya'ya biyu, ta binne huɗu.

Wannan labari ban ji shi a dunƙule ba sai da na zama malamin makaranta a Gumel, matata tana da cikin fari, ni kuma tsoro ya kama ni don na san abin da ake faɗa a kan gidanmu. Gwaggo Hauwa ma ta haifi na fari ya rayu, ta binne na bayansa. Na sami Dada tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida na tambaye ta kai tsaye. Ta ba ni labarin tiryan-tiryan, hannunta bai daina aiki ba. Da ta gama ta ce, "Angona, ni dai abin da na lura, da ciwon suke zuwa, tun a ciki ake yin abin. Ni da kakanka jininmu ya haɗu, duk wanda ya san mu ya san haka. Amma akwai wani abu tsakanin jinina da na yaran nan. Ban san sunansa ba."

Shekaru bayan rasuwarta muka ji sunan. Gwaggo Hauwa ta kwanta asibiti, aka ce sai an ƙara mata jini. Muka taru, 'ya'ya da jikoki, har da mahaifina da tsufansa, kowa ya miƙa hannu. Aka gwada mu duka aka ce ba na wanda zai yi mata. Likitar, wata mace mai haƙurin bayani, ta ce jinin Gwaggo negetif ne, mu kuwa duk fozitif ne, kuma masu irin nata kaɗan ne a cikin jama'a. Sai ta juya ta tambayi Gwaggo ko ta taɓa haihuwar jarirai suna yin rawaya suna mutuwa. Gwaggo ta dube ta ta ce, wa ya gaya miki? Daga baya aka samu jinin a wurin wani direban babbar mota da ya ji sanarwa a masallaci, Gwaggo ta warke ta ƙara shekaru. Ni kuwa na bi likitar nan da tambayoyi har sai da na gane.

Ga abin a taƙaice, yadda ni malamin labarin ƙasa na fahimce shi. Jinin mutane rukuni-rukuni ne, shi ne A da B da AB da O da ake rubuta wa mutum a kati. Bayan harafin akwai alamar tarawa ko ta ɗebewa. Mai alamar tarawa, wato fozitif, yana da wani abu a jikin ƙwayoyin jininsa wanda mai alamar ɗebewa, wato negetif, ba shi da shi. Ba cuta ba ce, ba kuma nakasa ba ce. Mutum zai shekara ɗari da jininsa negetif bai san da zancen ba. Matsalar takan taso ne idan uwa negetif ce, ɗan da ke cikinta kuma ya ɗauko fozitif daga ubansa. Na fari yakan tsira. Amma wajen haihuwarsa ɗan jininsa yakan shiga jikin uwar, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya tanadi abin yaƙarsa. Duk ɗan da ya biyo baya mai fozitif, wannan tanadi zai ratsa mahaifa ya riƙa farfasa masa jini tun yana ciki. Fasasshen jinin nan shi ne rawayar da ake gani a ido.

Kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi a wannan babi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ko ɗaya daga ciki fozitif ne, shi ke bayyana, ɗayan ya ɓuya. Sai an gaji negetif ta ɓangaren uwa da na uba duka sannan mutum ya zama negetif. Ba a taɓa gwada jinin Dada ko na Mati ba, amma ba na shakkar yadda abin yake. Ita negetif ce. Shi fozitif ne mai ɗauke da negetif a ɓoye. Mahaifina ya tsira don shi ne na fari. Gwaggo Hauwa ta tsira don ta ɗauko ɓoyayyen gadon ubanta ta haɗa da na uwarta, jininta ya zo iri ɗaya da na Dada, jikin uwar bai ga baƙo ba. Ba ruwan Gagarawa ba ne. Shawarar Garba ma da wuya ta yi amfani, tunda yawancin mazan da za ta aura fozitif ne.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a shekarun nan da Dada take binne 'ya'yanta, a lokacin ne likitoci a can wata duniya suke gano cewa jini rukuni-rukuni ne kuma gadonsa ake yi. Wannan ɓangare da ya shafe ta ma ba su kai gare shi ba sai daga baya. Ita ba ta da madubin likita, ba ta san karatu ba in ban da na sallah. Ido kawai ta sa, ta ƙi yarda da bayanin da bai yi daidai da abin da ta gani ba. Har ta tsufa, duk gidan da ta ji jariri ya rasu da rawaya sai ta yafa mayafi ta je. Ba ta kai magani. Takan zauna kusa da mai jegon ta ce mata ta ci abinci, ba ita ta yi ba.

Da tana nan yau, na san abin da zai fara ba ta haushi. Gwajin da zai nuna rukunin jinin mace bai kai daka fura ɗaukar lokaci ba. Akwai allurar da ake yi wa mai negetif lokacin ciki da kuma cikin kwana uku bayan haihuwa, wadda ke hana jikinta yin wancan tanadi, 'ya'yanta su zo lafiya ɗaya bayan ɗaya. Mun koyi yin gwajin sikila kafin aure, kuma mun kyauta. Amma mata nawa ne a ƙauyukanmu, daga Ɗanzomo zuwa bakin iyaka, suke haihuwar fari a ɗaki ba wanda ya taɓa duba wace alama ce a jininsu? Za ta ce an samu abin da ta nema, an bar shi a asibiti.

A gidana abin ya sake fitowa. 'Yata Bilkisu ta je awon cikin fari aka ce negetif ce. Mahaifiyarta ta rikice, ta ce yaya za a yi mu biyu masu fozitif mu haifi negetif, kada mutane su ji su fassara. Na zaunar da ita na ce gadon Dada ne ya biyo ta wurin mahaifina ya ɓuya a jikina, ita ma tana ɗauke da irinsa daga nata kakannin, suka haɗu a Bilkisu. Wannan ya wuce. Sai kuma uwar mijin, Hajiya Rabi, ta ce ba za a yi wa surukarta wata allura ba, don ta ji ana cewa irin waɗannan allurai na tsayar da haihuwa ne. Mijin Bilkisu yaro ne mai biyayya, ya rasa yadda zai yi.

Muka shirya ni da matata muka je Maigatari muka gaishe ta. Tsakanin surukai akwai nauyi, ban taɓa zama na yi doguwar magana da ita ba sai ranar. Ban kawo mata zancen ƙwayoyin jini ba da farko. Labarin Dada na ba ta, tun daga ɗan ƙoƙon ungozoma har zuwa yaron da bai sha nonon uwarsa ba. Sannan na ce allurar nan ba ta hana haihuwa, ita ce ma ke sa a haifa a goya. Tana saurare tana jan carbi, har carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce a yi wa yarinyar duk abin da likita ya ce. Bilkisu yanzu 'ya'yanta uku, duk suna makaranta.

Mati ya riga Dada tafiya da daɗewa, rijiyoyin da ya haƙa yawancinsu an cike su an kafa famfo. Dada ba ta bar gona ko gida da sunanta ba. Abin da ta bari shi ne wannan hali na duba abu da idonka kafin ka ɗora wa wani laifi, da kuma zuwa wurin wadda aka ɗora wa a zauna kusa da ita. Na ga amfaninsa a ranar nan ta Maigatari. Mun yi sallama mun kai zaure, sai Hajiya Rabi ta biyo mu, ta ce wa matata ta ɗan ba mu wuri. Ta rage murya ta ce ita ma ta binne uku a gidanta na fari, ita ma an jefa tururuwa a nononta, kuma shekara hamsin ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta ba.

"Malam," in ji ta, "ashe ba ni na kashe su ba?"

Na ce mata ni ba likita ba ne, ban san abin da ya ɗauki nata ba. Amma na san tururuwa ko a ruwan rijiya aka jefa ta mutuwa za ta yi.

Ta sa gefen mayafi ta share ido. Sannan ta tambaye ni sunan kakar tawa, ta ce tana so ta riƙa sa ta a addu'a. Na gaya mata. Allah Ya kai mata, Ya haɗa ta da 'ya'yanta huɗu da ba su kai suna ba.